Bargon ƙyallaye don bikin ƙanwa: daga ina za a fara?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a unguwar Yelwa, Garwa, a Kamaru: "Inna, ina gaisuwa. Maigidana tela ne, kuma na tara ƙyallayen atamfa sun kai buhu guda. Na ga irin bargon nan da ake harhaɗawa da ƙyallaye a Facebook, ina so in ɗinka wa ƙanwata wadda za a kai Ngaundare nan da wata huɗu, in kuma yi 'yan ƙananan kyaututtuka na suna. Ina da keken ƙafa, na iya ɗinki miƙaƙƙe. Ta ina zan fara?"

'Yata, ina amsawa, Allah ya sanya alheri a auren. Abu na farko, ki ajiye almakashi. Wannan aiki a takarda ake fara shi, kuma yawancin waɗanda na ga sun watsar da shi a rabi ba rashin iya ɗinki ne ya kayar da su ba. Sun fara yanka ne ba su san gida nawa za su yanka ba, ko kwana nawa aikin zai ci. Shekara da shekaru ina koyar da 'yan mata ɗinki a Marwa, na kuma ga buhunan da aka koma aka ɗaure da rabin aiki a ciki.

Kada kuma hotunan waya su sa ki ɗauka wani sabon ilimi ne daga Turai. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallar Lamiɗo ya ga 'yan lifida, mahayi da dokinsa sanye da tufa mai kauri wadda aka cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakiya, aka bi ta da ɗinki layi-layi don kada cikin ya zame. Sau da yawa saman lifidin ma ƙyallaye ne ja da fari da baƙi aka harhaɗa. To shi ke nan abin da kike so ki yi: sama, ciki, da shafi, a kama su uku da zare. Bambancin kawai, nasu don tare kibiya ne, naki don tare sanyi. A ƙasar Bangal mata kan jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ɗinkin hannu, a Amurka kuwa akwai wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, Gee's Bend, wanda bargunan matansa na tsofaffin tufafin aiki suka kai har gidajen nune-nune na Houston da New York a 2002. Kowa da abin da ya samu a ɗakinsa ya yi.

Kin yi dace da aka ce Ngaundare za a kai ta. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,000, kuma daren hunturu a can bargo ba ado ba ne. Da nan Garwa za ta zauna, inda Maris da Afrilu zafi ke haura digiri 40, da na ce miki ki bar cikin gaba ɗaya, ki yi sama da shafi kawai, ya zama mayafin gado. Kullum ki fara da wannan tambaya: wa zai yi amfani da abin, a wane gari, kuma wa zai wanke shi? Ƙanwarki da hannu za ta wanke shi a baho. Bargon da in ya sha ruwa sai mutum biyu sun matse shi, ƙarshensa ƙasan akwati.

Yanzu lissafi, kuma a nan zan daɗe, don nan ne aikin yake.

Ki tambayi girman katifar da aka saya mata, kada ki yi kintace. A ce faɗinta santimita 140 ne, tsawo 190. Kina son bargon ya sauko ta gefe biyu da wajen ƙafa, don haka ki nufi faɗi 210, tsawo 225. In kowane gida, wato kowane ƙyalle mai kusurwa huɗu daidai-wa-daida, zai fito santimita 15 bayan ɗinki, kina buƙatar gida 14 a faɗi, layi 15 a tsawo. Gida 210 ke nan. In kika ce ƙanana kike so masu santimita 10 saboda sun fi kyau a hoto, lissafin zai tashi zuwa aƙalla gida 462. Ki dubi wannan adadi da kyau, ki dubi yaranki da girkinki da hidimar biki da ke tafe, sannan ki koma kan 15.

Gida mai 15 ba a yanka shi 15. Ɗinki zai ci santimita 1 ta kowane gefe, saboda haka 17 za ki yanka. Turawa masu wannan sana'a rubu'in inci suke bari, kusan milimita 6, amma ni santimita guda nake sa ɗalibaina su bari. Ya fi sauƙin gani a tef, kuma atamfar da za ta sha wankin hannu da matsa tana buƙatar bakin da ba zai zare ba. Abin da ya fi yawan rarar muhimmanci shi ne ta zama iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ki lura: in ɗinkinki ya shige ciki da milimita 2 kacal, ya ci 4 ke nan, tunda ƙyalle biyu ya kama. Layi mai gida 14 yana da mahaɗa 13. Kafin ki kai ƙarshensa kin yi asarar fiye da santimita 5, kuma ranar da kika zo haɗa shi da layin da kika ɗinka daidai, kusurwoyi ba za su gaisa ba. Maganin abu ne mai arha. Ki auna santimita 1 daga allura zuwa dama, ki manna salatif a kan farantin keken, ki riƙa bin bakinsa da bakin ƙyalle. Idonki a kan salatif, ba a kan allura ba.

To buhun naki zai isa? Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya, faɗin atamfa kuma wajen 115. Daga yadi guda cikakke gida 30 masu 17 ke fita, biyar sau shida. Gida 210 yadi 7 ke nan, ya ɗara turmi mai yadi shida. Ƙyallen tela kuwa ba cikakken yadi ba ne, ragowar wuya ne da hammata da gefen siket, rabinsu ba za su ba da 17 ba. Don haka ki zazzage buhun a tabarma, ki ɗora ma'aunin yanka mai santimita 17 ta kowane gefe a kan kowanne, ki ware waɗanda suka isa, ki ƙirga. In kin samu 120 ko 130, kin yi arziki. Sauran ki cike da yadi mara zane, launi ɗaya, kamar yadi uku. Wannan ba faci ba ne na rashi, shi ne ma zai fito da aikin. Atamfa kusa da atamfa kusa da atamfa hayaniya ce, kamar kasuwa ranar jajibiri, ido ba ya samun wurin hutawa. Amma in kika sa gida mai zane, gida mara zane, kamar daran dara, ko wace atamfa za ta yi magana a ji ta.

Shafi kuma sabon turmi ɗaya za ki saya, kada ki yi masa rowa. Ki yanka tsawo biyu masu santimita 235, ki haɗa su ta gefe, sun rufe bayan bargon har da 'yar rara. Turmi santimita 548 ne, kin ci 470, saura 78. Daga wannan saura za ki fitar da tsiri tara masu faɗin santimita 6, ki haɗa su su ba ki abin da ya haura mita 9, wanda zai kama bakin bargon kewaye, tunda kewayen 870 ne. Turmi ɗaya ya biya buƙata biyu.

Kafin in wuce, wata magana da ba ta ɗinki ba ce. Ƙyallen da ya rage a shagon tela na mai kaya ne har sai ya yafe. Ɗan tsiri wanda kowa ya san shara ne ba a magana, amma abin da ya kai tafin hannu biyu, gara Malam ya riƙa cewa masu kaya, "Ga ragowarki, ko in bar wa iyali?" Yawanci za su ce a bar shi. Ban da hakki ma, akwai kunya: ba ki so ranar jere wata ta tsaya a kan gadon amarya ta ce, "Wannan ai atamfata ce ta sallar bara."

Wajen tsince ƙyallaye, auduga da auduga kawai za ki haɗa. Leshi, da yadi mai santsi na roba, da mai miƙewa irin na rigunan yara, duk ki fitar. Shadda tana da kyau a ido, amma wannan ƙyallin da taurin na ƙaro ne da bugu, in ta sha ruwa sai ta saki jiki ta bar maƙwabtanta a tsaye. In kina sonta dole, ki wanke ta tukuna ki ga ainihinta. Tsohon zane da ya sha wanki har ya yi laushi kada ki haɗa shi da sabuwar atamfa a sama, sabuwar za ta yage shi a bakin ɗinki, amma ki adana shi, yana da aiki a ciki. Sai kuma masu rubutu da hoton fuska: zanen ranar mata ta 8 ga Maris da masaƙar CICAM ta saba bugawa duk shekara, zannuwan siyasa, na taron makaranta. Audugarsu ba laifi. Sai dai ki yanka ta inda fure yake, ki kauce wa rubutu da fuska. Duk abin da ke da sunan Allah ko rubutun Larabci kuwa ba ya shiga abin da za a kwanta a kai ko a taka.

Sannan wanki, kowane ƙyalle, har da sabon turmin da yadin cikon. Sabuwar auduga takan tsuke a wankin farko, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kuma ba duka ke tsukewa daidai ba. Ga kuma zuba. Ni kaina na sha wannan: bargon farko da na yi wa 'yar yayata, na sa wani jan yadi da mai shago ya rantse mini ba ya zuba. Wanki ɗaya, duk fararen gidajen suka koma ruwan hoda, aikin wata biyu. Tun daga ranar, ja da shuɗi mai duhu da baƙi sai na jiƙa kowanne daban a roba da ɗan farin ƙyalle a ciki. In farin ya ɗauki launi, a sake wankewa. In an yi sau uku bai daina ba, ya fita daga aikin. Za a ce miki ki zuba gishiri ya kama launi. Na gwada, ban ga ya hana mai zuba zuba ba. Rinin baba na gargajiya ma haka, yana da kwarjini amma yakan shafa wa na kusa da shi, sai dai ki yi masa aikinsa shi kaɗai.

Ma'aunin yanka kada ki yi shi da kwalin sukari. Kafin ki zana gida 50 bakinsa ya cinye, 17 ta koma 16 da rabi ba ki sani ba. Ki yanko shi daga gefen tsohuwar jarka ko wata roba mai tauri, ki tabbata kusurwoyinsa sun miƙe ta hanyar gwada su da kusurwar littafi. Ki goge ƙyallen tukuna, ki zana a bayansa da fensir ko siririn guntun sabulu, kuma ki daidaita gefen ma'aunin da yadda zaren saƙar ya tafi. Gidan da aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin keke kamar ɗanko. Wannan ne ma ya sa ban ba ki shawarar zane mai kusurwa uku ko tauraro ba a aikin farko, duk kyansu, domin dole wani gefensu ya faɗo a karkace.

Kin gama yanka, sai ki share ɗaki ki shimfiɗa zanen gado a ƙasa ki jera gidajen duka 210 yadda za su zauna. Ki hau kujera ki ɗauki hoto da waya, ki mai da hoton baƙi da fari. Nan take za ki ga inda masu duhu suka taru a kusurwa ɗaya, abin da idonki ba zai gani ba saboda launi ya ɗauke masa hankali. Ki gyara, ki tattara kowane layi daga hagu zuwa dama, ki maƙala masa takarda mai lamba da fil. Yara na shigowa, in ba lamba, aikin yini ya tafi.

Ɗinkin kansa ba wuya. Allura mai lamba 14, wadda aka rubuta 90/14 a kwalinta, ta isa haɗa gidaje; in kin zo kan ninki uku ki koma 16. Ki sa sabuwa, ki sayi zare mai kyau, toka-toka ko ruwan ƙasa, wanda zai ɓace a cikin kowane launi. Kowane layi kika gama ki kwantar da bakin ɗinkinsa da dutsen guga, layi na ɗaya duk zuwa dama, na biyu duk zuwa hagu, haka har ƙarshe. In kika zo haɗa layi da layi sai mahaɗan su shige juna su kulle, ba tudu. Danna dutsen za ki yi ki ɗaga, ba ja ba. In na gawayi ne, ki sa wani ƙyalle a tsakani, don tartsatsi ɗaya ya isa ya sa ki kwance layi.

Me za a sa a ciki? Na san abin da zai zo miki, tunda muna ƙasar auduga, ga kamfanin auduga na Sodecoton a bakin ƙofa: a samo ɗanyar auduga a shimfiɗa. Kada ki yi, ba a wannan karon ba. Audugar da ba a shirya ta shimfiɗe ba tana dunƙulewa a wanki, sai an bi ta da ɗinki kusa-kusa, tazarar da ba ta wuce santimita 5 ba, kuma in gurya ta saura a ciki man guryar yakan fito ya ɓata saman. Soson katifa shi ma a'a, yana riƙe zafi, yana marmashewa. Abin da na fi yarda da shi, siririn bargo mara nauyi, ko da na gwanjo ne in an wanke shi tas, ko kuma tsofaffin zannuwan nan masu laushi ninki biyu. Su ba sa motsi, don haka ɗinkin da zai bi kowace mahaɗa, tazarar 15, ya wadatar.

Ki shimfiɗa shafi fuskarsa ƙasa, ki ja shi ya miƙe ki danne gefuna da wani abu mai nauyi, ki ɗora ciki, ki ɗora sama. Ki kama su uku da manyan taku na zare da hannu, waɗanda za ki zare daga baya, kina farawa daga tsakiya kina fita gefe. Wannan zaman guiwa ne na yini guda, ki kira maƙwabciya ta taya ki. Wanda ya tsallake shi zai tarar da tattara a bayan bargo, kuma ba ta gyaruwa sai an kwance. Ɗinkin kamawa ma daga tsakiya ake fara shi. A keke, ki naɗe rabin bargon kamar tabarma don ya shige, ki buɗe takun ya kai milimita 3, ki sa tebur a hagu ya ɗauki nauyin. In kin ga keken yana tura sama yana barin shafi a baya, ki sassauta abin da ke danne yadin. Ni dai na fi son na hannu da zare mai kauri, taku a fili, don yana ba abin kamannin aikin gida. Amma ke da wata huɗu, keke zai fi miki.

Batun wata huɗun nan, ki ɗauka uku gare ki. Watan ƙarshe na biki ne, anko da gayyata da baƙi daga ƙauye, ba za ki zauna a keke ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu na farko kada ki taɓa babban bargon ma. Ki yi shimfiɗar jariri, faɗi 90, tsawo 120, gida shida sau takwas, 48 ke nan, da ma'aunin nan dai na 17. Duk kuskuren da za ki yi, ki yi shi a nan: mahaɗar da ta ƙi haɗuwa, bakin da ya murɗe, kusurwar da ta ƙi kwanciya. Kin samu kyautar suna ɗaya, kin kuma san awa nawa gida 48 ke ci a hannunki, sai ki ninka sau huɗu da ɗoriya ki ga gaskiyar babban. In lissafin ya nuna ba zai yiwu ba, ki rage buri tun da wuri: ki harhaɗa tsakiyar kawai, ki kewaye ta da faffaɗan yadi mara zane. Ba wanda zai san ba haka kika tsara ba.

Shimfiɗar jaririn, ki gaya wa mai jego ta kwantar da shi a kai ce, ba ta lulluɓa masa har fuska ba, kuma kada ki sa mata maɓalli ko duwatsun ado da yaro zai tsinke ya kai baki.

Ƙananan ƙyallayen da suka kasa 17 su ne jarinki na sauran kyaututtuka. Ki yanka su tsiri-tsiri, ko faɗinsu bai zo ɗaya ba, ki ɗinka su a jere a kan wani yadi har su rufe shi, sai ki yanke abin da kike so daga ciki. Rigar filo biyu da za su bi bargon amarya, jakar Alƙur'ani ta 'yan Islamiyya mai dogon hannu, majanyi mai shafi, 'yar jakar da mai jego za ta zuba kayan jariri in za a je awo. Tsumman sauke tukunya yana ƙarewa a zama ɗaya, kuma ba matar da za ta ƙi shi, sai dai cikinsa ya zama auduga zalla ninki huɗu ko tsohon tawul, domin yadin roba narkewa yake ya manne a hannu. In za ki yi abu ɗaya guda shida, ki yanka shidan a zama ɗaya, ki ɗinka su a zama ɗaya. Ya fi sauri nesa da a gama ɗaya a fara wani.

Saura abin da ke ran duk mai irin wannan kyauta ko ba ta faɗa ba: kada dangin ango su ce an kawo wa amarya tsumma. Abin da ke raba tsumma da kayan ɗaki baki ne da shafi da guga. Ki ninka tsirin bakin biyu a tsawonsa, ki ɗinka shi ta gaba da keke, ki juya shi baya ki kama da hannu, ƙananan taku da ba a gani. Ki bi bargon gaba da baya ki tsinke duk wani zare da ya leƙo. Ki wanke shi sau ɗaya da kanki, ki shanya a inuwa, don in akwai mahaɗar da za ta buɗe ta buɗe a hannunki ba a Ngaundare ba. In akwai ragowar wani zanen mahaifiyarku da bai mutu ba, ki sa gida ɗaya nasa a kusurwar wajen kai, ki yi masa shafi na daban ta ciki don ya jure, ki nuna wa ƙanwar taki inda yake ranar da za ki ba ta. Ki kuma haɗa mata da gida uku ko huɗu na rara a 'yar leda, saboda ranar da garwashin turaren wuta zai faɗa a kai.